Kunnen bakanike a hanyar Kano zuwa Maraɗi

Idan ana bikin cikar shekaru irin wannan, yawanci manyan alhazai da shugabannin ƙungiya ake ambata, kuma sun cancanta. Amma dukiyar da muka daɗe muna ƙetare iyaka da ita a bayan mota take tafiya, motar kuwa sau da yawa ta girmi direbanta. Saboda haka bana muka ga ya kamata mu waiwayi wata fasaha da ta riƙe kasuwancinmu ba tare da an rubuta ta ba, wato gane ciwon mota daga ƙararta.

Kakanninmu da jakuna da raƙuma suka yi fatauci. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, sannan Nguru a 1930. Daga nan gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ta samu hanyar fita, sai dai dole a kai ta bakin dogo tukuna, kuma wannan tazarar ce ta jawo manyan motoci cikin harkarmu. A ɓangaren Nijeriya motocin Ingila irin su Bedford da Austin ne suka fara yawa, a ɓangaren Nijar kuwa Berliet ta Faransa. Ko da Turawan Faransa suka fara karkatar da gyaɗa ta Parakou zuwa Kwatano a shekarun 1950, hanyar Jibiya ba ta mutu ba, don gero da wake da dabbobi ba su san wannan tsarin ba.

Hanyoyin lokacin na jar ƙasa ne, masu ƙunya-ƙunya kamar kwanon rufi. Mota ta yi yini tana kakkarwa a kansu, babu notin da ba zai saki ba. Gareji kuma yana iya yin nisan kwana guda. Direban da bai iya sauraron motarsa ba, daji ne makwancinsa, kayan mutane kuma su lalace a hannunsa.

Motar da ta fi koya wa mutanenmu wannan karatu ita ce Mercedes 911 mai bodin katako, mai injin gas na silinda shida. Kamfanin ANAMMCO na Enugu ya fara haɗa motocin Mercedes a farkon shekarun 1980, a zamanin da ake haɗa Steyr a Bauchi da Fiat a Kano. Injin 911 ba shi da ɓoye-ɓoye, kusan komai nasa a fili yake, kuma bakanike mai sifana da guduma zai iya kwance shi a gindin bishiya. Matsalarta ɗaya: ita kanta mai surutu ce. Katako na kuka, sarƙar ƙofar baya na kaɗawa, injin na ruri. Cikin wannan hayaniya ake so mutum ya tsinto baƙuwar ƙara guda ɗaya, ya kuma san ko ta kisa ce ko ta banza.

Tsofaffin kanikawa ba sa fara taɓa sifana. Tambaya suke fara yi: yaushe take yin ƙarar? Idan mota na tsaye, aka taka totur ƙarar ta ƙaru, to tana bin injin ne, sai a nemi ta a gaba. Idan kuwa sai mota na tafiya take fitowa, tana sauri da saurin taya, an wanke injin, sai a koma ƙarƙashi wajen farfela da boris ɗin ƙafa. Idan a kan gargada kaɗai ake jin ta, sifirin ne ko ƙarfen da ya ɗaure shi, ko maratayin salansa, ko bodi ya saki daga shasi. Idan taka kuloci na sa ta ɗauke ko ta taso, an san inda za a dosa. Da tambayoyi huɗu an raba mota gida huɗu, ba a kashe ko sisi ba.

Sai a zo kan injin, inda gwaninta take. Bakanike zai ɗora bakin dogon sukundireba ko guntun sanda a jikin injin, ya manna ɗaya bakin a kunnensa, yana matsawa daga wuri zuwa wuri. Ƙara 'yar siririya mai sauri daga sama, yawanci tafet ne ke son a daidaita, ana iya kai kaya a dawo. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa idan mota ta ɗauki hawa da lodi, musamman in allurar baƙin mai ta faɗi, wannan metal ne ya cinye, kuma duk wanda ya ci gaba da tafiya a haka sai injin ya buga. Don a san silindar da ke da laifi, sai a sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya alhali injin na aiki. Wadda aka yanke wa mai bugun ya lafa, ita ce.

A ƙarƙashin mota kuwa ido da guduma ke taimakon kunne. Notin da ya ɗauru sosai, in an ƙwanƙwasa shi amo yake bayarwa, wanda ya saki kuwa sai ya yi dum. Jan gari kamar tsatsa a gefen noti alama ce ta ƙarfe na cin ƙarfe. Farfela kuma kama ta ake yi da hannu a murɗa, in ta yi wasa an gano ɓarawon. Wannan ba abin wasa ba ne, domin farfelar da ta tsinke ta gaba tana iya cakar ƙasa ta kifar da mota. Sau nawa kuma aka kwana ana zargin injin, ashe sifana ce karen mota ya manta a cikin akwatin batir.

A ganinmu, abin da ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne tsadar kaya. Bayan tsarin SAP na 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari yawancinmu. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, 'yan'uwanmu na Nijar su ma suka shiga irin wannan hali. Motar da a da za a sayar bayan shekara goma sai ta zama gado. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka zama asibitocinmu. A irin wannan yanayi, bakaniken da ya ce a sauke injin alhali maratayin salansa ne ya karye, ya cinye wa mai mota ribar tafiya uku. Wanda kuma ya ce "ba komai, ku tafi" alhali metal ne, ya jawo albasar Galmi ta ruɓe a bakin hanya tsakanin Ƙonni da Sakkwato.

Rufe iyaka ma ya bar tabonsa a jikin motoci. An rufe daga 1984 zuwa 1986, an sake daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Motar da ta yi watanni a tsaye da lodi a Jibiya ko Ɗan Isa ko Illela, ranar da ta tashi da sababbin ƙararraki take tashi: sifirin ya gaji, giris ya bushe, tayoyi sun kwanta ta gefe ɗaya. Wadda kuma ta bi ta daji sai ta dawo kamar an yi mata duka.

Yau DAF da MAN na hannu da Howo ta Sin sun cika tashoshinmu, kuma da yawa daga cikinsu na'ura ake jona musu ta faɗi laifin injin. Na'urar tana da amfani, ba mu musu. Sai dai ba ta jin notin taya da ya saki, ba ta kuma san farfela na wasa ba. Dattawan da suka iya wannan sauraro suna ƙarewa, yaran gareji kuma da dama sun fi son a canza kaya gaba ɗaya da a tsaya bincike, don a nan kuɗin yake. Har yanzu akwai 911 da ke ɗaukar gero da wake daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau.