Yara da tuƙin babur: Me doka ta tanada?

A dokar Najeriya, sai mutum ya cika shekara 18 kafin a ba shi lasisin tuƙi, na mota ne ko na babur.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke da alhakin tabbatar da hakan. A watan Janairun 2009 ta fara tilasta sanya hular kwano, inda wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a kai don kauce wa kamu.

To sai dai a ƙauyuka irin su Tafoki, a yankin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa na jihar Katsina, babur ne jakin zamani. Shi ke kai taki gona, shi ke kai majinyaci asibiti, kuma sau da yawa yaron da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa sosai ne ke riƙe da kansa. Jami'an hukumar kuwa sun fi yawa a manyan tituna.

Dokar da Gwamna Aminu Bello Masari ya sanya wa hannu a watan Agustan 2021 ta hana hawan mutum uku a kan babur, amma saboda 'yan bindiga aka yi ta, bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020.

A Amurka, an daina sayar da baburan daji masu ƙafa uku tun 1988, kuma ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar na ba da shawarar kada ɗan ƙasa da shekara 16 ya tuƙa masu ƙafa huɗu, saboda saurin kifewarsu.