Mafarki cikin sani: Yadda ake tuna mafarki da yadda mai barci ke gane mafarki yake yi

Mafarki cikin sani shi ne yanayin da mai barci zai fahimci cewa abin da yake gani mafarki ne, alhali bai farka ba. Gangar jikinsa na kwance a kan shimfiɗa, idanunsa a rufe, amma hankalinsa ya dawo masa har ya iya gane cewa kasuwar da yake tafe a cikinta ba ta zahiri ba ce. Wasu a nan suke tsayawa, su ci gaba da kallo kamar wanda ya zauna gaban talabijin. Wasu kuwa sukan iya juya akalar mafarkin, su sauya wuri, ko su tsaya su fuskanci abin da ya biyo su da gudu. Wannan ya sha bamban da mafarkin ido biyu, wanda zancen zuci ne na mutumin da ke farke.

Abin ba baƙo ba ne kamar yadda ake zato. Wani nazari da aka wallafa a 2016, wanda ya tattara sakamakon binciken shekaru 50, ya nuna cewa kimanin kashi 55 cikin 100 na mutane sun taɓa yin irin wannan mafarki aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, kuma kashi 23 cikin 100 sukan yi shi sau ɗaya ko fiye a wata. Masu yin sa duk lokacin da suka ga dama ne 'yan ƙalilan.

Daga Ibn Khaldun zuwa ɗakin gwaji

Aristotal, masanin falsafar Girka, ya lura cewa mai barci yakan ji wani abu a ransa na sanar da shi cewa mafarki yake yi. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ya kawo labarin wasu kalmomi da mutanen zamaninsa ke furtawa kafin su kwanta domin su ga abin da suke nema a mafarki. Hukuncin da ya yanke ya fi labarin armashi: a ganinsa kalmomin ba su ne ke haifar da mafarkin ba, shirin da suke sa rai ya yi shi ne ke aiki. Kusan abin da masu bincike suka komo gare shi ke nan bayan shekaru 600.

A 1867 wani Bafaranshe, Hervey de Saint-Denys, ya fitar da littafi kan yadda ake sarrafa mafarki, bayan ya shafe shekaru yana rubuta nasa. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, shi ya yaɗa sunan da aka san abin da shi a Turance a 1913. Duk da haka masana sun daɗe suna ɗari-ɗari, domin babu hanyar da za a tabbatar cewa mai ba da labarin bai ɗan farka ba ne ya sake komawa.

Mafita ta fito daga ido. A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka gano wani mataki na barci da ƙwayar ido ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fata, wanda Turawa ke taƙaita sunansa da REM. A wannan mataki ƙwaƙwalwa kan tsayar da kusan duk tsokokin da mutum ke motsawa da ganin damarsa, ban da na ido da na numfashi. Keith Hearne na Jami'ar Hull da ke Ingila ya yi amfani da wannan kafa: ya yi yarjejeniya da wani mai suna Alan Worsley cewa idan ya gane mafarki yake yi, ya juya idanunsa hagu da dama bisa tsarin da suka shirya. A watan Afrilun 1975 na'ura ta ɗauki alamar, kuma ta nuna mutumin barci yake yi. Stephen LaBerge na Jami'ar Stanford ya samu irin wannan sakamako, aka wallafa a 1981. A 2021 kuwa ɗakunan gwaji huɗu a Amurka da Faransa da Jamus da Holan suka yi aiki da mutum 36, inda aka yi wa masu barci tambayoyin lissafi, kamar a cire 6 daga 8, wasu suka ba da amsa daidai da motsin ido ba tare da sun farka ba.

Dalilin da mafarki ke gudu da safe

Barci ba shimfiɗa ɗaya ba ne. Yana zuwa ne zagaye-zagaye, kowanne kimanin minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare. A farkon dare barci mai nauyi ne ke rinjaye, barcin motsin ido kuwa 'yan mintuna ne. Yayin da asuba ke ƙaratowa sai al'amarin ya juye, barcin motsin ido ya tsawaita har ya kai rabin awa ko fiye. A cikinsa ake yin mafarkai masu tsawo da labari. Idan aka tashi mutum a wannan mataki, kimanin sau takwas cikin goma zai ba da labarin mafarki, ko da kuwa yana cikin masu rantsuwa cewa su ba sa mafarki.

A nan ne lissafin ya shafi mutanen yankin Bakolori kai tsaye. Ɗan kasuwar da ya kwanta sha biyun dare ya tashi ƙarfe huɗu domin ya riski kasuwar Talata Mafara ranar Talata, ko manomin rani a Bakura da ya kwana yana ban-ruwa, ko ma'aikacin da zafin bazara da rashin wuta suka hana shi runtsawa sai can tsakar dare, ba tsawon barci kawai suka rasa ba. Ɓangaren da mafarki ya fi yawa a cikinsa ne aka datse musu.

Ko an yi mafarkin, riƙe shi wani aiki ne. A lokacin barcin motsin ido sinadarin noradirenalin, wanda ke taimaka wa ƙwaƙwalwa wajen adana sabon abu, yakan yi ƙasa ƙwarai. Saboda haka mafarki na buƙatar 'yar farkawa kafin ya samu wurin zama. Masu bincike a birnin Lyon na Faransa, ƙarƙashin Perrine Ruby, sun gano cewa masu yawan tuna mafarki sukan shafe kusan ninki biyu na lokacin da sauran mutane ke shafewa a farke cikin dare, ko da ba su sani ba.

Hanyoyin inganta tunawa ba su da tsada. Da farkawa kada a motsa, kada a ɗauki waya. Saƙo ɗaya a WhatsApp ya isa ya share mafarkin dare guda. A bar ido a rufe, a kama abu na ƙarshe da aka gani, a bi shi baya-baya kamar mai warware zare. Idan babu hoto, a kama abin da rai ke ji, tsoro ne ko farin ciki, sau da yawa shi ke janyo sauran. Sannan a rubuta nan take a littafin da aka ajiye kusa da matashin kai, da boko ko da ajami, ko a naɗi murya in rubutun zai yi wuya. A sa kwanan wata, a rubuta ko da kalma uku ce. Yawancin masu dagewa sukan ga bambanci cikin 'yan makonni. Amfanin littafin bai tsaya ga tunawa ba: idan aka duba shi bayan wata guda za a ga abubuwan da ke maimaituwa, kamar tsohuwar makarantar firamare, ko mamacin da ake gani da rai, ko motar da birkinta ya ƙi kamawa. Waɗannan su ne alamomin da mai mafarki zai gane kansa da su.

Yadda ake koyo

Dabara ta farko ita ce gwada zahiri da rana, wadda masanin halayyar ɗan Adam na Jamus, Paul Tholey, ya yi fice da ita. Sau da yawa a yini mutum zai tambayi kansa da gaske ko mafarki yake yi, sannan ya gwada. Ya toshe hanci ya nemi shaƙar iska. A mafarki iskar takan shiga. Ya karanta rubutu, ya kau da kai, ya sake dubawa. A mafarki haruffa da lambobi sukan sauya. Mai shago na iya ɗaura wannan da ƙirgen kuɗi, tunda aikinsa ne na kullum. Manufar ita ce al'adar ta bi shi har cikin barci. Ita kaɗai dai ba ta cika yin tasiri ba.

Wadda ta fi ƙarfi ita ce haɗa farkawar dare da ƙudurta niyya. Mutum zai tashi bayan kimanin awa biyar da kwanciya, ya ɗan jima a farke, ya tuna mafarkin da ya yi, sannan ya koma yana nanata wa kansa cewa in ya sake mafarki zai tuna mafarki yake yi, yana kuma hasko kansa cikin mafarkin nan ya gane alamar. LaBerge ne ya tsara ɓangaren niyyar. A 2017 Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide a Ostireliya ya gwada hanyoyin a kan mutum 169. Waɗanda suka haɗa duka ukun sun yi nasara a kashi 17 cikin 100 na gwajinsu cikin mako guda, waɗanda kuma barci ya kwashe su cikin minti biyar da gama niyyar suka kai kusan kashi 46.

Abin da Bature ke saita agogo dominsa, Bahaushe na da shi a tsarin darensa. Mai tashi nafilar dare ya koma ya kwanta kafin kiran assalatu, da mai tashi sahur a watan azumi, duk suna komawa barci ne daidai lokacin da barcin motsin ido ya fi tsawo. Ba mamaki mafarkin goshin asuba ya fi zama a ƙwaƙwalwa.

Matsayin mafarki a ƙasar Zamfara

Mafarki ba abin wasa ba ne a wannan yanki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya shafe kimanin shekaru biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya kuma zauna a Faru da ke ƙaramar hukumar Maradun ta yau, ya ba da labarin ganin da ya yi a 1794, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya. Littattafan fassarar mafarki da ake jingina wa Ibn Sirin na Basra, wanda ya rasu a 728, suna nan a shimfiɗar masu sayar da littattafai, kodayake masana tarihi na shakkar cewa shi ya rubuta su da hannunsa.

Hadisai sun kasa mafarki gida uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da rai ke saƙawa da rana ya gan shi da dare. Mafarkin da mutum ya shirya, ya juya shi yadda yake so, ya fi kama da kashi na uku. Don haka babu hikima a kai shi wurin mai fassara, balle a gina sayen kaya ko neman aure a kansa. Haka nan duk mai karɓar kuɗi da sunan zai ba da laƙanin ganin sa'ar kasuwa a mafarki, abin da yake sayarwa Ibn Khaldun ya riga ya bayyana shi kyauta.

Inda wannan ilimi ya fi amfani a yau shi ne mummunan mafarki mai maimaituwa. Bayan shekarun hare-haren 'yan bindiga, da sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a watan Fabrairun 2021, da harin da aka kai Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agustan shekarar, mutane da dama a waɗannan ƙananan hukumomi na ɗauke da abin da ido ya gani, kuma dare ne lokacin da yake dawowa. Akwai hanyar magani da ba ta buƙatar ƙwaya: da rana mutum zai ɗauki mafarkin da ke damunsa, ya sauya masa ƙarshe zuwa wanda ba ya firgita shi, ya riƙa bitar sabon labarin a ransa na 'yan mintuna kullum. Gwajin da Barry Krakow ya jagoranta a Amurka, wanda aka wallafa a 2001, ya nuna hanyar tana rage yawan munanan mafarkai. A 2018 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sa ta a sahun farko, ta kuma ambaci mafarki cikin sani a matsayin abin da za a iya gwadawa, wato hujjarsa ba ta kai ta farko ƙarfi ba. Addu'ar neman tsari da juya kwanciya da aka koyar suna nan a matsayinsu, kuma shaida wa likita halin da ake ciki neman magani ne, ba yayata mafarki ba. Wanda abin ya hana shi barci makonni a jere, ya fara da babban asibitin garinsu, daga nan ana iya tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato.

Abubuwan kiyayewa

Yanke barci da gangan kowane dare yana da farashi. Direba da mai aiki da injin niƙa da duk wanda barcinsa bai kai awa bakwai ba, ba su da rarar da za su kashe a wannan gwaji. Dare ɗaya ko biyu a mako ya wadatar ga mai hali. Masu gwadawa kan ci karo da dannau, wato mutum ya farka ya kasa motsi, ya ji kamar an danne masa ƙirji. Tsayar da tsokoki ne na barcin motsin ido da bai gama saki ba, kuma yakan wuce cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna. Daidaita numfashi da ƙoƙarin motsa ɗan yatsa na taimakawa. Mai fama da taɓin hankali, ko wanda dama yake shan wahalar bambance zahiri da abin da ransa ke nuna masa, kada ya shiga wannan sai da yardar likita.

Giya da wiwi da kodin da tramadol suna danne barcin motsin ido, kuma idan aka daina su mafarkai sukan dawo da ƙarfi na ɗan lokaci. Goro da shayi mai kauri bayan isha'i suna jinkirta barcin gaba ɗaya. Ana kuma tallata wani magani mai suna galantamine a intanet a matsayin ƙwayar mafarki. Gaskiya ne gwaji ya nuna yana ƙara yiwuwar mafarki cikin sani, amma asalinsa maganin cutar mantuwa ce ta tsofaffi, yana sa tashin zuciya da amai, yana kuma iya rage bugun zuciya, don haka ba a shan sa sai likita ya rubuta.