Kariyar gobara ta jikin gini

Kariyar gobara ta jikin gini ita ce duk wata dabara da ake sanyawa a bango, daɓe, rufi da ƙofofin gini domin wuta da hayaƙi su tsaya a inda suka tashi na wani lokaci. Ta bambanta da kayan kashe gobara irin su tukunyar kashe wuta da na'urar yayyafa ruwa, domin ba ta jiran wani ya kunna ta. Manufarta ita ce mutane su samu damar fita, 'yan kwana-kwana su samu damar shiga, ginin kuma kada ya rufta kafin a gama.

Tarihi

Bayan babbar gobarar Landan ta 1666, an kafa doka a 1667 wadda ta wajabta gina sabbin gidajen birnin da bulo ko dutse a maimakon katako. Dokokin gini na zamani sun ɗora a kan wannan tunani, kuma yawancin gyare-gyarensu sun biyo bayan asarar rayuka ne.

Killace wuta

Ana raba babban gini zuwa sassa, kowane sashe kewaye da bango da daɓen da ke jure wuta. A benen haya, kowane gida sashe ne mai zaman kansa, haka ma matakala. Ana auna juriyar da mintoci, kamar 30, 60 ko 120, ta hanyar gwaji a tanderu bisa ma'aunin ISO 834, inda zafi ke kaiwa kusan digiri 840 a minti na 30, ya kuma kai kusan digiri 945 bayan awa ɗaya. A Turai harufa uku ne ke nuna sakamakon: R na ɗaukar nauyi, E na hana harshen wuta ratsawa, I na hana zafi wucewa ɗaya gefen.

Kankare da bulo suna jure wuta da kyau. Ƙarfe ba ya kamawa, amma idan zafi ya kai wajen digiri 550 zuwa 600 yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa ya lanƙwashe, shi ya sa ake lulluɓe ginshiƙan ƙarfe da kankare, ko allon jifsam, ko fenti mai kumbura da zafi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jifsam ruwa ne, kuma har sai ruwan nan ya ƙone ya fita kafin zafi ya ratsa allon sosai.

Inda aka fi samun matsala shi ne ramukan da ake hudawa don bututu da wayoyin lantarki. Rami ɗaya da ba a toshe ba ya isa ya ɓata bango gaba ɗaya. A 1975, a tashar nukiliya ta Browns Ferry da ke Amurka, ma'aikata suna amfani da kyandir wajen neman inda iska ke yoyo a wata mashigar wayoyi, sai abin da aka toshe ramin da shi ya kama, wutar ta bi wayoyin. Haka nan a jerin shagunan kasuwa da ke ƙarƙashin kwano ɗaya: idan bangon tsakani bai kai rufi ba, wuta takan bi ta saman silin daga shago zuwa shago.

Ƙofar tare wuta

Ƙofa ce ake gwadawa tare da firam ɗinta, makullinta da na'urar da ke mayar da ita rufe. A Birtaniya ana kiran mai jure minti 30 da FD30, mai jure awa ɗaya kuma FD60. A gefunanta akwai siririn zare da ke kumbura idan ya ji zafi, ya toshe tsakanin ƙyaure da firam. Duk wannan ba shi da amfani idan an tokare ƙofar da dutse don iska ta shigo, abin da ake yawan yi a asibitoci da ɗakunan kwanan ɗalibai.

Gobarar Grenfell

A ranar 14 ga Yuni, 2017, wuta ta tashi daga wani firji a hawa na huɗu na benen Grenfell mai hawa 24 a Landan. Da farko an shawarci mazauna su zauna a gidajensu, bisa zaton cewa kowane sashe zai riƙe wutarsa. Amma faifan alminiyam masu cikin roba da aka lulluɓe bayan ginin da su sun kai wutar har sama, ta koma cikin gidaje ta tagogi. Na'urorin mayar da ƙofa rufe da dama ba sa aiki, hayaƙi ya cika hanyoyin da ke kaiwa ga matakala ɗaya tilo da ginin ke da ita. Da aka gwada wata ƙofa daga benen daga baya, wajen minti 15 ta jure a maimakon 30. Mutum 72 ne suka rasu.