Daga Kurtu Zuwa Hafsa: Tarihin Aikin Soja Da Darasin Da Ya Bar Wa Garinmu

A kowace shekara wannan mujalla kan tuna da sarakunanmu da malamanmu da attajiranmu, amma ba kasafai ake ambaton mazan jiya ba, wato tsoffin sojojin da suka bar garinmu suna samari, suka ƙetare teku, suka dawo da lambobin yabo a ƙirji. Mu da muka taso a shekarun 1960 da 1970 mun riski ragowarsu suna aikin gadi ko masinja a ofisoshin En'e. Yau da wuya a sami ko ɗaya a raye. Saboda haka muka ga ya dace mu waiwayi tarihin aikin da suka yi, domin waiwaye adon tafiya ne.

Asalin rundunar sojan Nijeriya yana komawa ne zuwa shekarar 1863, lokacin da wani hafsan sojan ruwa na Ingila, Laftanar John Glover, ya tara wasu 'yan Arewa a Legas, da yawansu bayi ne da suka tsere daga iyayengijinsu, ya koya musu fareti da harbi. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Da irin waɗannan dakaru Turawa suka yi yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874 a ƙasar da ake kira Gana yanzu, kuma wannan na cikin dalilan da suka ƙarfafa zaman Hausawa a zangunan can. A 1897 aka ɗora wa Lugga alhakin kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda ta zama uwa ga sojojin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya.

A nan akwai gaskiya mai ɗaci da bai kamata mu ɓoye wa 'ya'yanmu ba. Rundunar da ta ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris, ta kuma yi shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli na wannan shekara, hafsoshinta ne kaɗai Turawa. Masu riƙe da bindigogin baƙar fata ne, da yawansu kuma Hausa suke ji. Wannan ne ya sa kakanninmu suka daɗe suna ƙyamar aikin soja, har kalmar "ɗan bariki" ta zama zagi. Gidan mutunci ba ya ba da ɗansa, sai dai wanda talauci ko haraji ko umarnin hakimi ya tura.

Duk da haka, waɗanda suka shiga sun nuna bajinta. A Yaƙin Duniya na Farko sun fafata da Jamusawa a Kamaru, inda Garwa ta faɗi a 1915, Mora kuma a 1916, daga nan aka kwashe su zuwa Afirka ta Gabas. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila, sojojin Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya a 1941, suka nausa cikin Habasha. Daga 1943 aka tura Runduna ta 81, sannan ta 82, zuwa ƙasar Bama domin yaƙar Japan a cikin dazuzzuka masu duhu da ruwan sama da zazzaɓi. Sun yi gumurzu a kwarin Kaladan a 1944, suka kama Myohaung a watan Janairu na 1945. 'Yan uwa mazauna birane da ke wucewa ta gaban barikin Kalapanzin a Kaduna, ko Chindit a Zariya, ko Arakan da Myohaung a Legas, ko Mogadishu a Abuja, su sani cewa waɗannan sunaye ne da suka samo asali daga yaƙe-yaƙen da iyayenmu suka zubar da jini a cikinsu.

To, me suka samu? A nan babban darasin yake. Tsawon shekaru Hausa ce harshen bariki, har hafsan Bature ma sai ya koye ta. Amma duk jaruntakar Bahaushe, iyakarsa kofur ko saje ko samanja. Mu ɗauki misalin Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara soja a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, aka kama shi a Garwa, daga baya ya shiga rundunar Ingila, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya kai matsayin babban samanja. Sai da ya zo ajiye aiki a 1953 sannan aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin Lokoja na ɗauke da sunansa. Mutumin da ya yi shekaru kusan arba'in a fagen fama, ƙaramin hafsan da ya fito makaranta jiya shi ne shugabansa.

Da aka buɗe wa 'yan ƙasa ƙofar zama hafsoshi a ƙarshen shekarun 1940, takardar makaranta aka nema. Aguiyi-Ironsi da Samuel Ademulegun sun zama hafsoshi a 1949. Daga Arewa, Zakariya Maimalari, wanda ya yi karatu a kwalejin da aka sani da Barewa, ya tafi Sandhurst a Ingila ya fito a 1953. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da ministocinsa sun hangi wannan giɓi, shi ya sa suka riƙa kwaɗaita wa ɗaliban sakandare shiga soja. A 1961 aka ware wa Arewa rabin guraben ɗaukar hafsoshi. An kafa makarantar yara ta soja a Zariya a 1954, da Kwalejin Horar da Hafsoshi ta Kaduna a 1964. Yakubu Gowon da Murtala Muhammad duk ta Barewa suka bi. Garuruwan da suka ba da 'ya'yansu ga makaranta da wuri su suka haifi janarori, waɗanda suka noƙe kuwa suka ci gaba da ba da kurata.

Amma horon soja kaɗai bai wadatar wajen gina shugaba ba. A ranar 15 ga Janairu, 1966, wasu ƙananan hafsoshi masu ilimi suka kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, suka kuma kashe manyansu a aiki, ciki har da Birgediya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Abin da ya biyo baya shi ne juyin mulkin watan Yuli, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da mulkin soja da bai kau gaba ɗaya ba sai 1999. Ilimi ba tare da tarbiyya da riƙon amana ba, takobi ne a hannun yaro.

Daga wannan tarihi muke miƙa roƙo uku ga ƙungiyarmu. Na farko, a kafa kwamitin da zai bi gida gida ya rubuta sunayen mazan jiyanmu, ya ɗauki hotunan lambobinsu da takardun sallamarsu, tun 'ya'yansu na da rai, kafin gara ta cinye abin da ya rage a cikin akwatuna. Na biyu, asusun ilimi ya ware wani kaso domin shirya yaranmu, musamman a Lissafi da Turanci da Kimiyya, su iya cin jarrabawar shiga makarantun soja. Gurbin jiharmu yana nan, amma ba a riƙe shi ga wanda bai cancanta ba. Na uku, 'ya'yanmu da suka yi ritaya daga aikin ɗamara su riƙa zuwa makarantun gari suna yi wa ɗalibai bayani, mu kuma mu riƙa leƙa matan da marayun waɗanda suka rasu a bakin aiki, musamman a yaƙin Arewa maso Gabas da aka fara tun 2009.

Kakanninmu sun ɗauki bindiga ba su da alƙalami, wasu suka shugabance su. Alhaki ne a kanmu mu tabbatar jikokinsu sun riƙe duka biyun, tare da tarbiyyar da za ta hana su juya bindigar kan jama'arsu. Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.