Kafin Silin POP, Akwai Ɗaurin Guga

1/ Masu turo mana hotunan falon Dubai kuna cewa "ga tsari", ku zo mu ɗan leƙa namu na da.

2/ Magini ke fara yi wa ɗaki ado. Zai jera azara yana lulluɓe ta da ƙasa har ya ta da baka, bakunan su haɗe can sama. Ɗaurin guga ke nan. Wani ma har tasa yake mannawa a tsakiya.

3/ Uban tafiyar shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830.

4/ Saura kuma aikin mata ne. Su ke daɓe, su zuba makuba ya yi ƙarfi. Sai jere: da ƙorai aka fara, tasoshi suka biyo, samira ta cika kasuwa a ƙarni na 20, kabet ya zo daga baya. Jeren nan asusun mace ne. In ta ɓaci, ta ɗauki kwano ta sayar.

5/ Kana son gani da idonka? Ga tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, ga Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano.

6/ Waɗannan suna da masu kula da su. Ɗakin kakarka a Birchi, Kurfi ko Dutsin-Ma fa? Damina ɗaya ta isa, ko a rushe a sa bulo.

7/ In ka je gida, ɗauki hotonsa. Tambaye ta sunan kowane kwano, da maginin, tun tana nan.