Mene ne "postcode", kuma wace lamba ɗan Kankiya ko Kusada zai rubuta?

Duk matashin da ya taɓa cike fom na neman aiki ko tallafin karatu a intanet ya ci karo da gurbin "postcode". Da yawa sukan rubuta 234 su wuce. Wannan kuskure ne: 234 lambar kiran Najeriya ce ta tarho daga ƙasashen waje, ba ta da alaƙa da wasiƙa.

Kalmar ta Turanci ce, haɗin "post", wato aikin kai wasiƙu, da "code", wato lambar alama. Ma'anarta lambar da hukumar gidan waya ke bai wa yanki domin a ware saƙonni ba tare da an bi adireshi kalma-kalma ba. A Ingila ana haɗa haruffa da alƙaluma. A Amurka sunanta "ZIP code", alƙaluma biyar ne, an fara aiki da ita a 1963, shi ya sa fom ɗin da aka tsara a can ke tambayar ZIP ko da mai cikewa yana Kusada.

A Najeriya hukumar NIPOST ce ke da alhakinta, kuma alƙaluma shida ne. Na farko yana nuna shiyya. Jihar Katsina tana ƙarƙashin 8 tare da Kaduna da Sakkwato, Kano kuwa 7 ce, duk da cewa Kankiya a kan hanyar Kano take. Uku na farko suna nuna gundumar da ake tattara wasiƙu, uku na ƙarshe kuma wurin da za a kai su.

Nan ne kuskure na biyu yake. Lambar 820001 ta babban gidan waya na birnin Katsina ce, ba ta jihar baki ɗaya ba. Mazaunin Kankiya ko Kusada da ya rubuta ta, kwamfuta za ta karɓa, amma idan takardar ɗaukar aiki ko sammacin kotu ne za a aiko, saƙon zai iya tsayawa a Katsina. Kowane yanki yana da tasa, ana samunta a gidan waya ko a jerin NIPOST.

Kada a rikita ta da "P.O. Box" ko "P.M.B.", waɗanda akwati ne ko jaka da mutum ko ma'aikata ke haya. Lambar yanki ba a biyan ko kwabo a kanta. Sai dai iyakarta ta kai wasiƙa gari. A ƙauyen da ba sunan titi ba lambar gida, sauran tafiyar ta hannun mai unguwa ko shugaban makaranta take ƙarasawa.