Peugeot 504: motar Faransa da ta yi zamani a hanyoyin Afirka

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 504 a birnin Paris cikin watan Satumba na 1968, domin ta gaji 404. An so a nuna ta tun kafin nan, amma yajin aiki da tarzomar watan Mayu na wannan shekara suka jinkirta lamarin. A masana'antar Sochaux ake ƙera ta, kuma kamfanin Pininfarina na Italiya yana da hannu a zanen jikinta. A 1969 aka zaɓe ta motar shekara ta Turai.

Injinta yana gaba, amma tayoyin baya ne ke tura ta. Farfelar da ke kai ƙarfin inji zuwa baya tana cikin wani bututun ƙarfe, wanda ke kare ta daga dutse da rairayi. Ga tsawo daga ƙasa, ga sifirin mai laushi da ke shanye gargadar hanya. Idan aka labta mata kaya, nauyin kan tayoyin baya yake sauka, sai su ƙara kama ƙasa. Abin da ya sa ba ta cika kafewa ba inda wasu ke tsayawa. Uwa-uba, injin ba shi da sarƙaƙiya: makanike na bakin tasha yana iya kwance shi ya ɗaure da ƴan kayan aikinsa. Da farko girmansa lita 1.8 ne, daga 1970 aka samu mai lita 2, akwai kuma mai shan gazuwal.

A 1971 aka fito da doguwar, mai layi uku na kujeru. Mutum bakwai aka yi ta dominsu, sai dai duk wanda ya taɓa shiga ta daga Maradi zuwa Damagaram ko Kano ya san direbobinmu ba da wannan lissafi suke aiki ba. Mai buɗaɗɗen baya, wadda ake kira bashe, ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1970.

Ta yi suna a tseren motoci ma. A 1975 Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya da ita, Hannu Mikkola kuma ya ci na Maroko.

An daina ƙera ƙaramar a Turai a 1983, bayan 505 ta fito a 1979, kuma jimillar da aka yi ta haura miliyan 3. Amma ba ta mutu ba. Ajantina ta ci gaba da haɗa ta har 1999, Kenya har 2004. A Kaduna kuwa, masana'antar PAN da ta fara aiki a 1975 ta riƙa harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, inda ta daɗe tana motar jami'an gwamnatin Najeriya. Kusancin Kaduna da iyaka ya sa kayan gyaranta ba su yi wuya a kasuwannin kudancin Nijar ba.